Bargon Kawu Kurtu

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta jini ɗaya da fatan alheri mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da matarmu da yaran gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a, yaya kuma zaman nesa da gida? Allah Ya dafa maka, Ya ba ka ladan ɗawainiya, Ya raya mana zuri'a. Mu nan muna lafiya, sai godiyar Ubangiji. Gwiwata ce dai ke yi mini tsiya in na daɗe a tsaye, amma ba ta kwantar da ni ba, ni ma na ƙi in kwanta mata. Babbar 'yata ta sauka lafiya, an samu namiji, da ganin goshinsa ka san namu ne. Ƙanenta mai gyaran waya ya kama shagon kansa a bakin titi, yanzu sai ya ga dama yake leƙo mu. Inna kuwa jiki ya yi nisa, ba zan ɓoye maka ba. Da safe tana nan garau, ta san kowa, har faɗa takan yi mana a kan shara. Da rana ta karkata sai ta shiga kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. Abinci kuma loma kaɗan ne ta kau da kai.

Abin da ya sa na ɗauki biro alhali ga waya shi ne maganar da muka yi da kai kwanakin baya, da ka ce mu daina wahalar da kanmu, mu ce wa Inna an ba Kawu Kurtu bargo, magana ta mutu. A waya kullum sauri kake yi, ni kuma in raina ya tashi ba na iya jera zance. Ran nan na amsa maka da to, har na ji daɗin shawarar, don ta zo daidai da abin da ke raina. Amma ba haka aka yi ba, kuma na fi son ka ji daga bakina tun daga tushe. Kai auta ne, ka taso ka tarar zancen ya tsufa, ban tabbata an taɓa zaunar da kai an ba ka shi a jere ba.

Kawu Kurtu abokin tagwaicin Inna ne. Suna samari da 'yan mata aka zo ɗibar sababbin sojoji, ya je ya ba da kansa, har ya ƙara wa shekarunsa don a karɓe shi. Lokacin tsananin sanyi ne. Ana gobe tafiya Inna ta ɗauko bargon da suka taso a cikinsa tun suna ƙanana, ta wanke masa shi tas don ya tafi da shi. Bargo ne mai kauri, ba ya bushewa a yini ɗaya, ga gari ya lumshe babu rana. Motar kuma ta riga lokacin da aka faɗa zuwa. Ta yaye shi daga igiya yana ɗigar ruwa, ta bi su da gudu har inda motar ke tsaye. Ya leƙo ya taɓa, ya yi dariya, ya ce ta mayar ta shanya, ai can za a ba su, soja ba ya rasa bargo. Ganin ƙarshe ke nan. Daga baya labari ya zo a bakin wani cewa ciwo ya kashe shi a can nesa. Babu wanda ya san kabarinsa, ko lambarsa, ko ya taɓa samun igiyar muƙami a hannun riga. Shi ya sa muke ce masa Kawu Kurtu, don a wurinmu bai taɓa wuce kurtu ba. Tun daga lokacin duk wanda Inna ta ji an ce ya yi aikin soja sai ta tambaye shi ko ana ba kurata bargo. Kowa ya ce mata ana bayarwa, sai ta ce ba nasu take tambaya ba, nasa take tambaya.

To, ga mutumin naka, maigidana, wanda kai da bakinka ka laƙaba wa Sajan Takarda har sunan ya bi shi. Ka san tarin takardun da ya cika mini ɗakin baya da su, amma ba ka san mafarinsu ba. Wata rana ya sayo ƙusoshi, aka naɗe masa su a wata tsohuwar takarda. Shi da ya ƙare rayuwarsa a aikin sito, ba ya iya ganin takarda mai layi-layi ya wuce. Ya warware ya shafe ta da tafin hannu, sai ga shafi ne daga siton soja na zamanin da, an jera kayan da aka raba wa sababbin shiga. Ya koma wurin mai ƙusa ya kwashe ɗaurin gaba ɗaya. Daga nan aka shiga uku. Duk dillalin tsofaffin kaya ya san shi, duk gidan da za a rushe sai ya je ya leƙa akwatuna. Sauran masu irin wannan sha'awa lambobin yabo suke tarawa da takubba, abin da baƙo zai gani ya ce kai. Shi kuwa ba ruwansa da wa ya ci yaƙi. Abin da ya dame shi wa aka ba takalmi, wa aka ba ɗamara, kwano nawa ya fashe, hula nawa aka mayar.

Ɗakin nan, Auta, in ka shiga warin kafur ne zai fara yi maka sannu da zuwa. Kantoci har rufi, kwalaye a jere, kowace takarda a cikin ledarta, ƙafafun kanta a cikin gwangwanaye saboda gara. Ba a shiga da ruwa, ba a shiga da jiƙaƙƙen hannu, ba a buɗe taga in ana iska. Ni da gidana sai na yi sallama a ƙofar ɗakin takarda! Wallahi na sha yi masa tijara. Na ce ga jikoki na kwana a falo, matattun sojoji sun samu ɗaki. Shi dai sai ya gyara tabarau ya kira ni in zo in gani. Ya nuna mini wani shafi ya ce in duba, yawancin takalman ƙanana ne, wato yara ne aka ɗiba. Ya nuna wani inda aka rubuta cewa takalmi ya yi wa mai shi girma, babu na canji, an ba shi tsumma ya cusa. Yakan ce littattafai sun rubuta masu ba da umarni, waɗannan takardun kuwa su kaɗai suka damu da girman ƙafar ɗan talaka. Ni a lokacin ta bayan kunnena zancen ke bi, tukunyata ce a raina.

Sai bana na san abin da ke ƙasa. Ashe farkon aurenmu, da Inna ta ji surukin nata ma'aikacin sito ne, ta yi masa tambayar nan tata. Shi kuma don kunya ya sunkuyar da kai ya ce zai bincika. Irin amsar nan ce ta fita kunya, wadda kowa ke yi ya manta. Ya ce shi ma ya manta, sai ranar da takardar ƙusa ta faɗo hannunsa, ya ga ashe abin yana bincikuwa. Bai taɓa gaya mini ba, wai kada in sa rai. Ka ji mutum! Ya bar ni ina ta masifa shekara da shekaru a kan aikin uwata.

Bayan jikin Inna ya fara nauyi, tambayar ta dawo mata sabuwa. Da can sai a yi watanni ba ta tayar da ita ba, yanzu kusan kullum ne. A cikin haka wani dillali ya aiko wa Saje cewa an fito da akwatin ƙarfe daga gidan jikokin wani tsohon akawu. Ya je ya dawo da shi a bayan mota, ya shige ɗaki ya yi kwanaki ba a ganinsa sai lokacin salla da abinci. Rannan da hantsi ya kira ni, ya tashi ya ba ni kujerarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ga takardun shekarar, ga lokacin sanyin, ga sunan garinsu Inna a saman shafi a matsayin inda aka ɗebo mutanen. Babu sunan kowa, lambobi ne kawai, don haka ba za a iya cewa ga layin Kawu ba, amma yana cikinsu. Ya miƙo mini gilashin nan nasa mai ƙara girman rubutu, ya bi da ni gida-gida. Gidan riga a cike, na wando a cike, takalmi, ɗamara, kwano, hula, kowa ya samu. Da muka zo gidan bargo sai na ga ɗaya da alama, ɗaya fayau, ɗaya da alama, ɗaya fayau, haka har ƙasan shafi. A gefe akawun ya yi ɗan rubutu da ƙaramin hannu. Saje ya karanta mini: barguna ba su iso da yawa ba, a ba mutum biyu guda ɗaya kafin sauran su iso. Ya ce ya bi takardun da suka biyo baya kaf, bai ga inda sauran suka iso ba.

Gabana ya faɗi, Auta. Rabin bargo, a cikin wannan sanyi! Matar da ta rayu tana ganin hannunta da jiƙaƙƙen bargo, ita za a je a ce wa ko guda bai samu ba? A daidai lokacin ne muka yi waya da kai, na kuwa ɗauki shawararka na kai wa Saje da zafinta. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ba zai faɗa ba. In na ce ya yi shiru zai yi shiru, amma in ta tambaye shi, abin da ya gani zai faɗa. Wai duk zamansa a sito bai taɓa sa hannu a kan kayan da bai gani ba. Na ce Inna ba buhun siminti ba ce, tsohuwa ce a bakin gaɓa, kuma ƙaryar da za ta sa ta barci ta fi mini gaskiyar da za ta hana ta. Na ce masa mara tausayi, na ce takarda ta cinye masa zuciya, har na rantse zan cinna wa ɗakin ashana. Allah Ya yafe mini. Muka yi kwanaki ina ajiye masa abinci in juya, shi kuma yana ci yana godiya kamar ba a yi komai ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da na ga ba zai motsa ba sai na ce bari in yi da kaina. Wata safiya ina shafa wa Inna mai a ƙafa, na saki fuska na ce mata albishir, Saje ya samo takardar, an ba Kawu bargo sabo fil. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, irin kallon da take mini tun ina yarinya in na ce ba ni na taɓa sukari ba. Ta janye ƙafarta ta ce in kira mata shi. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko taku ɗaya bai yi ba.

Ya zo ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa da takardar a ledarta. Ta ce ya matso. Ta ce a ɗora mata a cinya, ta shafa ledar da yatsu duk da ba karatu take yi ba. Ni ina tsaye na riƙe ƙyaure, na gama shirya irin abin da zan yi masa in wani abu ya same ta. Ya faɗa mata komai yadda ya faɗa mini, bai rage ba bai ƙara ba, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce sunan Kawu ba ya ciki, amma ayarinsu ne, kuma kowane mutum biyu bargo ɗaya aka ba su. Can ta tambaya ko su biyu ya ce, a bargo ɗaya. Ya ce haka takarda ta nuna. Ta sake tambaya ko kowane dare. Ya ce iyakar abin da ya gani, ba a ƙaro ba. Sai na ga kafaɗunta sun fara girgiza, na taho da gudu, na ce shi ke nan an kashe mini uwa.

Dariya take yi, Auta. Dariya har da hawaye, har sai da na riƙe ta kada ta sarƙe. Da ta samu numfashi ta ce Allah sarki, wannan bawan Allah da aka haɗa su, ai shi ya sha sanyi. Ta ce ɗan'uwanta ɓarawon bargo ne tun yana zanen goyo. Da barci ya ɗauke shi sai ya kama gefe ya mirgina, ya naɗe kamar tabarma, ya bar na kusa da shi a fili. Ta ce ita da sanyin baya ta girma saboda shi, uwarsu ta yi faɗa ta yi duka har ta gaji. In dai bargo ɗaya ne tsakanin mutum biyu, to ita ta san wurin wa ya kwana.

Da dariyar ta lafa sai ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce ba sanyin kaɗai ke cin ta ba duk tsawon nan. Shi mutum ne da ba ya iya barci shi kaɗai, tun daga ciki ba shi kaɗai ba ne. Ko da suka girma aka raba musu ɗaki, sai ya lallaɓa ya raɓa da wani a cikin 'yan'uwa maza, ana korarsa yana dawowa. Abin da take gani in ta rufe ido shi ne yana kwance a cikin baƙi, kowa ya ja nasa ya juya masa baya, shi kuma idonsa biyu har gari ya waye. Ta ce ba ta san yadda za ta tambayi wannan ba, wa zai sani, shi ya sa take tambayar bargo. Ashe yana da na kusa, ashe akwai wanda yake jin numfashinsa. Ta ɗaga hannu ta yi wa Allah godiya. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Da ƙaryata da taka ta shiga, da mun ba shi bargo sabo mun raba shi da abokin kwana, mu bar ta da abin da ya fi ci mata rai. Mu muna ganin mun san ciwon, ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sa na jawo akwatinta na ƙarƙashin gado, na kwashe zannuwa har ƙasa. Ka tuna ƙunshin nan da ba ta bari a taɓa, wanda ka sha duka a kansa kana ƙarami? Shi ne. Bargon ya koɗe, ya yi shara-shara, asu ya ɗan taɓa gefensa, amma a naɗe yake tsaf. Ta rungume shi kaɗan, sannan ta miƙa wa Saje da hannu biyu. Ta ce ya kai ɗakin takardunsa ya ajiye tare da su, a ba wancan da aka bari a fili, ya daɗe yana jira. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne mahaifinsa, sai ga shi ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Ya tashi ya fita da bargon a ƙirji, ya manta takalmansa a bakin ƙofa.

Ka san shi ba zai taɓa sa biro a tsohuwar takarda ba ko za a yanka shi. Sai ya yanko wata 'yar farar takarda, ya yi rubutu da hannunsa mai kyau na sito, ya saka a cikin ledar daidai gefen rubutun akawun. Na leƙa daga baya. Abin da ya rubuta shi ne, guda ɗaya ya iso. Bargon yana kanta ta sama a cikin kwalinsa, kuma in gaya maka gaskiya, yanzu ni ce mai sauya kafur a ɗakin. Na ba shi haƙuri, ya ce bai ji na ce komai ba. Jikoki kuwa su ci gaba da kwana a falo, ba abin da zai same su.

Tun ranar Inna ba ta ƙara tambaya ba. Duk bayan salla tana yi wa Kawu addu'a, ta haɗa da abokin bargonsa, wai Allah Ya jiƙansa, Ya saka masa haƙurin da ya yi, Ya ba zuri'arsa abin rufa in ya bari. Tana barci sosai, fuskarta ta washe. Kowa na murna, ni ma ina yi, amma tsoro nake ji, Auta, kuma ba zan iya faɗa wa kowa ba sai kai. Tambayar nan ce ta riƙe ta. Yanzu ta raba zannuwanta, ta ba jikarta 'yan kunnenta, akwatin nan ya zama wayam. Jiya da safe ta tambaye ni ko ka ce ga ranar zuwanka. Na buɗe baki zan ce kana hanya, sai na tuna, na ce mata ka ce sai aikin da ke gabanka ya kammala, yara kuma sun gama jarrabawa. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah Ya taimaka.

Ka gaishe mini da matarmu da kyau, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi mini alkawari. Ka shafa mini kan takwarar Inna, da babban yayansu mai son ƙwallo, da ɗan ƙaramin nan sarkin kuka. Babbar 'yata da mijinta suna gaisuwa, mai gyaran waya ma ya ce a gaida kawunsa. Gwaggo ta bayan layi ta ce ka manta da ita, ita ba ta manta da kai ba. Saje yana miƙo tasa gaisuwar, ya ce in ka zo za ka shiga ɗakin takarda ba tare da an sa ka wanke hannu ba, wannan kuwa ko ni ban samu ba. Inna ta ce Allah Ya yi maka albarka, ta faɗa ta maimaita.

Ni dai roƙona ɗaya ne. Kada ka tsaya jiran komai ya bushe, ka taho da shi a jiƙe. Motar nan ba ta zuwa a lokacin da aka faɗa, gidanmu mun riga mun sani. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka iske ta da safe, lokacin da take gane kowa.

Wassalam. Ni ce mai ƙaunarka,
Yayarka.